Yadda ake ƙera hannun haƙa a ɗaura wa tarakta

A yawancin gonakinmu tarakta wata uku ko huɗu take aiki tuƙuru, daga kaftu zuwa huɗa zuwa kwaso amfanin gona, sauran shekara tana ajiye. A lokacin da take zaune ɗin ne kuma ake neman mai haƙa: hanyar ruwa a fadama don noman rani, kududdufin kifi, harsashin gini, ramin shadda, magudanar ruwa kafin damina ta faɗi. Hayar katafila ba ta ƙaramin manomi ba ce, kuɗin motar da za ta ɗauko ta kaɗai ya isa ya kashe maganar. Mai walda da ya san aikinsa, idan ya haɗa kai da mai injin sassaƙa ƙarfe, zai iya ƙera hannun da zai haƙa zurfin mita 2 a bayan tarakta mai ƙarfin doki 45 zuwa 75, irin su Massey Ferguson 135, 165 ko 375 da suka cika ƙasar nan.

Siffar abin ba ta da wuyar ganewa, hannun mutum ne aka kwaikwaya: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, sai tafin da ke ɗibar ƙasa. Akwai babban hannu, akwai ƙaramin hannu, akwai bokiti, kowanne da silindarsa ta haidrolik. Bayan su akwai ginshiƙin da ke juya komai dama da hagu, da ƙafafu biyu da ake kafawa a ƙasa. Amma inda aka fi yin asara ba a hannun ba ne. A wurin da aka haɗa shi da taraktar ne, kuma a kan wannan zan fi tsayawa.

Sayi silinda kafin ka yanka ƙarfe

Masu ƙira da yawa sukan gama haɗa hannu sannan su shiga kasuwa neman silindar da za ta dace da shi, su yi ta yawo ba su samu ba. Juya tsarin. Fara samun silinda, ka auna ta, sannan ka zana hannun a kanta. Za ka buƙaci ɗaya ta babban hannu, ɗaya ta ƙaramin hannu, ɗaya ta bokiti, biyu na ƙafafu, da biyu gajeru na juyi. Dukkansu su kasance masu ƙofar mai biyu, masu turawa da ja. Silindar tifa ba ta shiga wannan aikin, domin turawa kawai take yi, nauyin bodi ne ke mayar da ita.

A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana samun na hannu da aka ciro daga tsofaffin injuna. Ka zare sandar gaba ɗaya ka duba. Idan farin rufinta ya ɓare ko tsatsa ta yi mata ramuka, bar ta, za ta ci robar da ke tare mai cikin 'yan kwanaki. Mirgina sandar a kan shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe ka ga ko ta lanƙwashe. Duk wadda ka saya, canza mata robobi kafin ka ɗaura. Sannan ka rubuta awo biyu na kowace: daga ramin fin (sandar ƙarfen da gaɓa ke juyawa a kanta) zuwa ramin fin tana rufe, da kuma tana buɗe har ƙarshe.

Lissafin ƙarfinta ba shi da yawa. Matsin mai na bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowace murabba'in santimita. Silinda mai faɗin ciki milimita 63 tana da fuska ta murabba'in santimita 31, don haka a bar 160 tana tura kusan kilo 5,000. Mai milimita 75 tana tura kusan 7,000. Wajen ja kuwa ƙarfin yana raguwa, saboda sandar ta cinye wani yanki na fuskar: mai faɗin 80 da sanda 40 tana tura kilo 8,000 amma 6,000 take ja. Wannan yana da muhimmanci idan ka ɗora silindar babban hannu a samansa, domin a nan da ja take ɗaga kaya, shi ya sa ake ba ta mafi kauri. Kada kuma waɗannan dubban su ruɗe ka, ba su ne ke isa haƙorin bokiti ba. Idan silindar ƙaramin hannu tana kama shi santimita 30 sama da fin ɗin gwiwa, haƙori kuma yana santimita 165 ƙasa da shi, to kilo 7,000 sau 30 a raba da 165, kusan kilo 1,270 ke nan a bakin haƙori. Ya isa laka da jigawa da jar ƙasa. Marmara mai tauri sai an haɗa da diga.

Zana shi da kwali, ka motsa shi da hannu

Nemi fili mai siminti da alli da kwali mai kauri. Ja layin ƙasa, ka sa alamar fin ɗin kafaɗa kamar santimita 50 sama da shi. Yanka babban hannu mai tsawon mita 1.7 daga fin zuwa fin, ƙaramin hannu mita 1.1 tare da ƙarin santimita 30 na kan da silinda za ta kama, bokiti kuma santimita 55 daga fin zuwa haƙori. Haɗa su da ƙusa a gaɓoɓi. A madadin kowace silinda sa sanda biyu masu zamewa a kan juna, da alamar rufewa da ta buɗewa. Yanzu motsa. Sauke hannun har ƙasan rami, ɗaga shi har tsayin da zai zuba ƙasa a tirela, naɗe shi kamar za a hau hanya. Abin da kake nema uku ne: kada silinda ta taɓa ƙarfe a ko'ina, kada wata gaɓa ta miƙe har fin uku su hau layi ɗaya domin a nan ƙarfi yake mutuwa, kuma bokiti ya riƙe ƙasa ba ta zube ba idan hannu yana sama. Matsar da ramin fin santimita 3 a kwali kyauta ne, a ƙarfe kuwa yini guda ne da iskar gas. Idan ka gamsu, kwalin ya zama ma'aunin yankan faranti.

Ƙaramin shasi

Maƙalan nan uku da ke bayan tarakta, hannaye biyu a ƙasa da sanda ɗaya a sama, Harry Ferguson ne ya yi rajistar fasaharsu a Birtaniya a 1926, kuma don garma ya yi su. Garma ja take buƙata, gaba kawai. A Massey Ferguson ma sandar sama tana danna wani sifirin ne da ke gaya wa famfon haidrolik na taraktar nauyin ƙasa, ya ɗaga garma ko ya sauke. Hannun haƙa kuwa yana ja, yana turawa, yana murɗawa gefe, yana kuma neman ɗaga kansa sama duk lokacin da ka danna bokiti a ƙasa. Wannan bugun yana iya tsaga murfin bayan taraktar inda sandar sama take kamawa, kuma ƙarfen zubi ne, ba ya karɓar walda yadda ake so. Abin da ya fi wannan muni shi ne hannayen ƙasa ba abin da ke hana su tashi sama. Idan sandar sama ta karye ko hannayen suka tashi, kujerar mai haƙa takan taho ta matse shi da jikin taraktar. An rasa rayuka ta wannan hanya. Ni ba na ba kowa shawarar rataya hannun haƙa a maƙalai uku kaɗai, ko da na kamfani ne, balle na gida da zai kai kilo 500 ko fiye.

Mafita ita ce ƙaramin shasi. Sami ƙarfe biyu masu siffar kwatami, faɗin milimita 150 da kauri 8 ko sama, su bi ta ƙarƙashin taraktar daga bayan aksil ɗin baya har tsakiyarta ko gabanta. A aksil, yi amfani da ramukan noti da kamfani ya riga ya huda, inda ake ɗaure murfin taya, ka rungume aksil ɗin da faranti mai kauri milimita 16 sama da ƙasa. A gaba ma akwai ramukan da aka tanada don ɗaura kaya a gefen gidan kuloci ko gaban inji, can za ka kama. Noti mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa za ka sa, wanda ba shi da lamba kada ya shiga. Ba a yi wa jikin tarakta walda, ba a kuma huda sabon rami a cikinsa. Haɗa ƙarafan biyu da gicciye aƙalla biyu, ka bar wa sandar PTO, wato sandar da inji ke juyawa a bayan tarakta, da madaurin tirela hanya. A ƙarshen baya ka yi ƙugiya biyu a ƙasa da ramin fin biyu a sama, yadda za a iya cire hannun a ajiye idan lokacin huɗa ya zo. Da wannan, duk bugun da bokiti ya yi zai bazu a tsawon taraktar maimakon ya taru a wuri ɗaya.

Idan za ka yi ɗigon walda shasin yana jikin taraktar don ya zauna daidai, cire wayoyin batir tukuna, ka kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda kake aiki, kada wuta ta bi ta cikin boris ko silinda. Cikakkiyar waldar a ƙasa za a yi ta bayan an sauke.

Gindi, ginshiƙin juyi da ƙafafu

Gindin, wato mazaunin da hannun yake kai, akwati ne na faranti mai kauri milimita 12 da ke kama shasi ta gaba, yana ɗauke da kujera da bawul a sama. A bayansa akwai kunnuwa biyu na faranti milimita 20, ɗaya sama ɗaya ƙasa, inda ginshiƙin juyi zai zauna a kan fin mai kauri milimita 45 ko 50. Bar tazarar santimita 35 zuwa 40 tsakanin kunnuwan. Duk yadda ka ƙara tazarar, nauyin da kowane kunne ke sha yana raguwa. Sa wasar tagulla a ƙasan ginshiƙin domin a kanta nauyi yake juyawa. Silinda biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, za su ba ka juyi mai faɗi da ƙarfi iri ɗaya a kowane ɓangare. Silinda ɗaya ma tana yi, sai dai juyin zai taƙaita, kuma gefe ɗaya zai fi ɗaya sauri. Sa tubalin roba a inda juyin yake ƙarewa.

Ƙafafu daga bututu mai kusurwa huɗu, 80 da 80 kauri 6, a buɗe su kai kusan mita 2 daga tafi zuwa tafi, ko su ɗan zarce faɗin tayoyin baya. Tafin kowace faranti ne na santimita 25 da 25, da guntun ƙarfe a ƙasansa don ya ciji ƙasa.

Hannaye da ramukan fin

Babban hannu daga bututu mai kusurwa huɗu, 150 da 100 kauri 6, ƙaramin kuma 120 da 80 ko 100 da 100. A kowace gaɓa ana manna faranti milimita 10 ko 12 a gefe biyu, su ne ke ɗauke da ramukan fin. Kada ka yanke ƙarshen farantin a miƙe. Feƙe shi ya tafi da tsini ko ya zagaye, ya bi tsawon bututun santimita 25 zuwa 30. Haka kuma ka guji jan walda a gicciye a saman hannu ko ƙasansa, domin daga irin wannan layin tsagewa take farawa. Walda ta bi tsawon ƙarfe.

Sandar walda 7018 ce ta wannan aiki, ba 6013 da aka saba yin ƙofa da taga da ita ba. Mai kauri milimita 3.2 tana son wuta tsakanin amfiya 110 zuwa 140, ta fi kwanciya a injin DC, kuma ba ta son danshi ko kaɗan, don haka sayi sabon kwali ka riƙa ajiye shi a rufe. Gurza bakin faranti masu kauri ya yi gangare, ka cika da layi biyu ko uku kana kankare dattin kowane layi.

Fin ɗin gaɓoɓi milimita 35 ko 40, daga ƙarfe mai ƙwari da ake kira EN8 ko EN19. Rodin gini ba fin ba ne. Tsohuwar sandar silinda da ta lalace tana yin fin mai kyau, kuma ga ta da santsi. Kada fin ya juya a cikin farantin kai tsaye. Mai sassaƙa ya yi maka gidan fin mai kauri da za a yi wa walda, a cikinsa a danna bushin, wato zoben tagulla ko na ƙarfe da za a iya canzawa, a huda wa kowanne hanyar giris. Shi fin ɗin a kulle shi da noti a gefe ɗaya, bushin ne zai riƙa juyawa a kansa.

Ga wurin da aikin gida yake bambanta da na ƙwararre. Zafin walda yana jan ƙarfe, ramuka biyu da suke kallon juna kafin walda sukan kauce bayanta. Huda faranti biyun tare, a ɗaure ɗaya kan ɗaya. Lokacin haɗawa, zura doguwar sanda miƙaƙƙiya mai kaurin fin ta cikin gidajen biyu, ka zura wata a ɗaya ƙarshen hannun, ka auna tazarar sandunan a dama da hagu da tef har ta zo ɗaya, ka kuma hange su daga ƙarshe ka tabbatar ba su murɗe wa juna ba. Yi ɗigo huɗu a kowane gida, sake aunawa. Sannan walda kaɗan a dama, kaɗan a hagu, kana barin ƙarfe ya huce, kana juya sandar da hannu lokaci zuwa lokaci. Da ta fara cijewa, tsaya ka koma ɗaya gefen. Kuskuren milimita 2 a kafaɗa yana zama santimita da yawa a bakin bokiti, silinda ta riƙa aiki a karkace tana cin robarta. Fin da sai da babbar guduma ya shiga, ramin ne bai daidaita ba, a gyara shi.

Bokiti mai faɗin santimita 30 zuwa 40 ya isa. Gefuna faranti 8, bayan da aka lanƙwasa 6, bakin kuma daga tsohuwar wuƙar gireda ko sifirin babbar mota. Irin wannan ƙarfen sai an ɗumama shi zuwa kamar digiri 200 kafin walda, a kuma rufe shi da busasshen yashi ya huce a hankali, in ba haka ba zai tsage a gefen waldar. Haƙora uku ko huɗu, na gefe su ɗan leƙa waje don ramin ya fi bokitin faɗi. Bakin bokiti ya fi gindinsa faɗi kaɗan, ka huda ramuka a bayansa, saboda lakar fadama ta saki. Idan ka haɗa silinda da bokiti ta hanyar 'yan sanduna biyu masu gaɓa, zai naɗe kusan rabin da'ira, abin da haɗin kai tsaye ba ya bayarwa.

Mai da famfo

Famfon cikin tsofaffin taraktoci mai kaɗan yake turawa, kuma man giya ne yake amfani da shi, ya yi zafi ya kwashi datti. Gara ka ba hannun famfonsa da tankinsa. PTO yana juyi 540 a minti. Da ƙaramin akwatin giya mai ninkawa sau 3.8 za ka samu kusan 2,050, famfo mai haƙora da ke tura mililita 14 a kowane juyi zai ba ka kusan lita 28 a minti. A bar 160 wannan ƙarfin doki 10 ne kacal, injin ba zai ji ba. Da shi silinda mai faɗin 63 da tafiyar santimita 50 za ta buɗe cikin daƙiƙa 3 da ɗoriya, saurin da mai koyo zai iya sarrafawa. Duba kibiyar da ke jikin famfo ta dace da juyin akwatin giyar, ka kuma ɗaure akwatin da sarƙa ko sanda kada ya bi PTO ya juya.

Tanki na lita 35 zuwa 40, a wanke cikinsa tas daga ɓurɓushin walda, a ɗora shi sama da famfo. Tiyon da ke kai mai famfo ya zama gajere mai faɗin inci ɗaya, da rariya a bakinsa, filta mai maikiron 10 zuwa 25 kuma a hanyar dawowa. A zafin ƙasarmu man haidrolik mai lamba 68 ya fi riƙe kaurinsa, 46 ma yana yi. Bawul mai liba shida za ka nema, irin wanda ke barin mai ya wuce tanki idan ba a taɓa komai ba, mai bawul ɗin sakin matsi a jikinsa. Idan aka haɗa famfo mai haƙora da bawul mai rufe hanya a tsakiya, man zai tafasa ko wani abu ya fashe. Tiyo mai waya biyu, 2SN ko R2, inci 3/8 zuwa silindu da rabin inci daga famfo, a matse bakinsa a injin matsewa. Waya ko ƙullin tiyon ruwa ba su da wuri a nan. A layin juyi sa matsattsen rami na kamar milimita 1.5 don kada hannu ya fizga. Rufe tiyon da ke gaban mai haƙa da farantin ƙarfe, ka rufe sandar PTO ma. Babbar riga ko jelar rawani idan PTO ya kama, ba ya saki.

Gwaji da haƙan farko

Sa agogon matsi a bakin famfo. Sassauta bawul ɗin saki zuwa bar 70, tayar da inji a hankali, kowa ya ja baya. Motsa kowace silinda ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa har iska ta fita, kana ƙara mai a tanki. Sannan ka ɗaga matsin kaɗan-kaɗan zuwa 150 ko 160, ka kulle notin. Kada ka nemi yoyo da tafin hannu, yi da kwali. Mai a wannan matsin yana huda fata ta ramin da ido ba ya gani, kuma wanda ya same shi a kai shi asibiti nan take ko da ciwon bai nuna ba, domin yana iya cin yatsa ko hannu.

Rataya nauyi a gaban taraktar har aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyinta ya tsaya a tayoyin gaba, in ba haka ba sitiyari zai yi sakayau a hanya. Yi fin biyu na kullewa, ɗaya na babban hannu ɗaya na juyi, don tafiya.

A wurin aiki ja birki, cire giya, kafa ƙafafu har nauyi ya ɗan sauka daga tayoyin baya. Tambayi masu wurin inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi, ka kuma ɗaga kai ka dubi na sama. Da ƙaramin hannu da bokiti ake haƙa, ana yanka santimita 10 zuwa 15 a kowane ja, babban hannu yana daidaita zurfi. Kada ka bugi ƙasa da gefen bokiti ko ka ture tudun ƙasa da juyi, ginshiƙin ba a yi shi don haka ba. Zuba ƙasa aƙalla santimita 60 daga bakin rami. Murabba'in mita ɗaya na ƙasa mai zurfin mita ɗaya yana iya haura tan ɗaya da rabi, saboda haka ramin da ya wuce mita 1.2 kada kowa ya shiga sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, musamman a yashi. Yara kuwa a nisanta su da iyakar inda hannu yake kaiwa.

Bar fenti sai bayan gwaji. Bayan awa biyu na farko kashe inji, sauke bokiti ƙasa, motsa libobi matsi ya fita, ka bi kowace walda da ido, musamman ƙarshen farantan gefe da kunnuwan ginshiƙi. Siririn layin tsatsa a gefen walda tsagewa ce: gurza ta har tushe, sake cikawa, ƙara faranti. Sake ɗaure notocin shasi a ranar, ka kuma sake bayan mako ɗaya. Giris a kowane fin duk safiyar aiki, kuma idan tankin ya yi zafin da ba za ka iya ɗora hannu a kai ba, tsaya ya huce ka duba filta da yawan mai kafin ka ci gaba.